Baƙon da Aka Hana Fito

Ruwan damina ya shafe hanya a mashigin Auyo. Gwadabe mai fito yana zaune a kwalekwalensa, yana kallon wani baƙo da ya turo keke. Dogo ne siriri, ƙafafunsa duk taɓo. Bajen jam'iyyar adawa na maƙale a ƙirjinsa, ko ɓoye shi bai yi ba. Kansa ƙwal, irin askin gidan yarin En'e, wato hukumar gargajiya, ga shatin igiya a wuyan hannunsa bai gama warkewa ba. Gwadabe yana ayyanawa a ransa, wannan ko 'yan barka ba su gama zuwa gidansa ba ya sake kama hanya.

Baƙon ya yi sallama ya ce, "Malam, a ƙetarar da ni. Ana jirana a wajen taro a ƙauyen can."

"Yi haƙuri. Dagaci ya ce duk wanda ya ɗauki ɗan jam'iyyarku, to a bakin kwalekwalensa."

Bai yi musu ba, bai kuma roƙa ba. Ya tuɓe riga ya naɗa gammo da ita, ya aza keke a ka, ya yi bisimilla, ya nufi daidai inda ruwa ya fi zurfi.

Gwadabe ya saci kallon wani baran dagaci da ke gindin tsamiya yana sa masa ido, sannan ya ɗaga murya kamar mai zancen banza. "Ikon Allah! Bana ta wajen giyayyar can ruwa iya ƙugu ne."

Baƙon bai waiwayo ba, amma ya karkata wajen giyayya, yana tafe yana keta ruwa.

Dagaci dai kwalekwale ya hana, bai hana baki ba.