Anti Bari-Ya-Bushe

Kwana goma sha biyu da rasuwar maigidana, wata mata da ban sani ba sai a gaisuwar hanya ta shigo yi mini ta'aziyya. Mai shagon gyaran gashi ce a bakin layinmu. Ta zauna can gefen tabarma, ta yi addu'a a taƙaice, ba ta cika ni da magana ba. Ashe ta lura da yadda nake cusa yatsa ƙarƙashin ɗankwali ina susa, don tun ranar da aka kwantar da shi a asibiti mataji bai taɓa kaina ba. Washegari da hantsi, da masu gaisuwa suka ragu, sai ga ta da mataji mai manyan haƙora da 'yar gorar feshin ruwa.

"Yaya, na san ba a kwalliya a takaba," in ji ta. "Wannan ba kwalliya ba ce, warwarewa kawai zan yi. Ruwan ma ko ƙamshi babu a ciki."

Gashin ya dunƙule kamar tsohon soso. Ta fara daga baki-baki, tana fesa ruwa tana tsefewa da yatsu kafin ta sa mataji, har aka kira azahar. Ba ta fizge ni ko sau ɗaya ba, ba ta kuma tambaye ni yadda ya cika ba, abin da kowa ke tambaya ke nan. Da ta gama ta tattara wanda ya zube a takarda, ta ɗaura mini ɗankwalina, ta tafi. Ranar ce na fara yin barcin kirki.

Shagon nata a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. In mutum ya hau sama, sai ka ji takunsa a bisa kanka. Kujeru uku ne, madubi ɗaya mai tabo a kusurwa, da fanka da ake tokare wuyanta da cokali. A kan teburin shagon akwai kwanduna huɗu cike da rola, wato ɗan gwangwanin roba mai hudoji da ake naɗe jiƙaƙƙen gashi a jikinsa a bar shi ya bushe. Manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, kwando na huɗu kuma na waɗanda suka tsage ne, ta ƙi zubar da su. Abin da babu a shagon shi ne ƙarfen miƙar da gashi, wanda ake jona wa lantarki ya yi zafi a damƙe gashi da shi. Matajin wuta ma babu.

Daga nan sunanta ya samo asali. Duk wadda ta fara mutsu-mutsu a kujera tana taɓa kai, amsa ɗaya ce: "Bari ya bushe." Yaran layi suka ɗauka suna ce mata Anti Bari-Ya-Bushe, manya suka karɓa, ita ma ta daina hanawa.

Na sha jin ana yi mata ƙorafi. Matar mai labule ta taɓa cewa, "Anti, don Allah ki samo injin busar da gashi mai zafi, na bar tukunya a wuta."

"Tukunya ce ke son wuta, ba kanki ba. Aika a sauke."

"Can gaba minti ashirin an gama wa mutum."

"Ƙofa ai ba a kulle take ba, uwar gaggawa. In sun gama soya ki, ki dawo in share tokar."

Wasu sun tafi ɗin, ba su dawo ba. Wasu sun dawo da gashi a ƙone, ta karɓe su ba gori. Ni abin da ya fara zaunar mini da ita a rai shi ne, kafin ta jiƙa kan mace takan dubi agogo ta ce, "Je ki yi alwala tukuna, wannan zai kai mu la'asar." In ta zo naɗin gaba kuma sai ta ja shi baya kaɗan, don goshi ya samu ƙasa in an yi sujada. Ba wanda ya koya mata wannan.

Tarihinta a gutsure na ji shi, yau kaɗan gobe kaɗan. Tana da shekara goma sha biyar aka kai ta koyon aiki wajen wata mai shago da ke ɗora mataji a kan risho. Shekara uku tana wanke kai da share gashi kafin a bar ta ta taɓa rola. Mijinta direban motar kaya ne, ya fi zama a hanya, ɗansu ɗaya kuma yana aiki a wani gari. Ɗankwalinta kullum a ɗaure tamau, har kunne, ko da zafi ya kai inda ya kai. Mun ɗauka kamun kai ne kawai.

Shekara biyu bayan rasuwar maigidana na kai mata autata. Auta tana da ashirin da uku a lokacin, tana aiki a kantin magani. Gashinta mai cika ne mai tauri, irin na dangin ubanta, kuma tun tana makaranta 'yan ajinsu ke ce masa buroshin wanke tukunya. Da ta fara ɗaukar albashi, abin da ta fara saya shi ne ƙarfen nan. Kowace safiya ina lazimi ina jin ƙaurinsa daga ɗakinta. Na yi magana sau biyu, ta ce, "Mama, ba za ki gane ba." Sai na koma addu'a.

Wata rana na shiga ɗakinta yin shara na tarar da ita gaban madubi ba mayafi, tana kuka ba sauti. Gefen goshinta duka biyu ya zama fili, fata tas, kamar an aske. Wata uku ke nan tana ɓoyewa, tana shafa gazal a wurin don ya yi duhu.

Anti ta zaunar da ita kusa da ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana duba wurin, tana shafawa da babban yatsa.

"'Yata, ni ba likita ba ce. Ki je ki ga likitan fata, ya tabbatar ba wani ciwo ba ne. Amma abin da idona ya gani, saiwar ba ta mutu ba tukuna, ta dai galabaita. In kika ci gaba da gasa ta, za ta mutu, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa."

"To yaya zan yi in fita da wannan dajin a kaina?"

"Dajin nan wasu da shi suke roƙon Allah. Za mu yanke ƙonannen, duk mako ki zo in saka miki rola. Zai kwanta, zai yi laushi, ba wuta."

Likita ya faɗi kusan abin da ta faɗa. Aka yanke rabin gashin, Auta na kallon ƙasa. Ni kuma na ɗauke ƙarfen na cusa shi a ƙasan akwatin marigayi, inda na san ba za ta buɗe ba.

Duk ranar da ba ta zuwa aiki muke tafiya tare, don in na bar ta ita kaɗai sai ta sami dalili. A nan na ga aikin da kyau. A wanke kai, a shafa mai kaɗan, a tsaga da wutsiyar mataji gida-gida, kowane gida kada ya fi faɗin rolar. A taje shi ya miƙe a jiƙe, a fara naɗi daga baki zuwa tushe, a maƙale. Wajen da ya zube kuwa ba ta ko kusantarsa. Takan tambaya, "Ya ja ki?" In Auta ta ce kaɗan, sai ta kwance ta sake. Daga nan sai zama a gaban fanka, awa biyu, wani lokaci uku. Auta ta yi ta latsa waya tana tsaki, ni ina jan carbi, Anti tana ba da labarin direbobi. In an kwance, gashin ya sauko da laushi yana lanƙwasa, har mai gyaran waya ya taɓa leƙowa ya ce ko an canza yarinyar ne. Sai dai filin nan na nan yadda yake. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ko tsinke bai fito ba.

A wata na biyar aka ce za a ɗauki ma'aikatan kantinsu hoton da za a kafa a bango. Auta ba ta ce mini komai ba. Mako na zagayowa muka je shago kamar kullum, da mata biyu a ciki. Anti ta zuba mata ruwa a kai. Duk gashin ya tattare ya koma nannaɗe yadda Allah ya yi shi, ban da wani ɗan yanki guda a gaba, da ya tsaya a miƙe yana ɗigar ruwa kamar zaren buhu.

Ta ɗaga shi da yatsu biyu. "Wannan fa?"

"Ban sani ba, Anti."

"Shi ya sani. Wanda ya sha wuta ba ya komawa in ya ji ruwa. Ƙarfen wa kika ara?"

Auta ta ce na abokiyar aikinta ne, kuma sau ɗaya ne kawai, gaba kawai. Sai ta ƙara da cewa, "Wata biyar ina zama gaban fanka kamar wanki, ba abin da ya fito. In ba zai dawo ba, a bar ni in yi abin da nake so da wanda ya rage."

Na zaci Anti za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta roƙi matan nan biyu su ɗan zauna a shagon mai labule, da rolarsu a kai suka fita suna gunaguni. Ta saki labulen ƙofa. Sannan ta sa hannu biyu ta kwance ɗankwalinta. Abin da zan faɗa yanzu ita ta ba ni izini, ta ce in zai hana wata, a faɗa.

Daga goshinta har tsakar kai babu gashi ko ɗaya. Fatar sumul take tana sheƙi kamar tafin hannu, da tabo fari-fari nan da can. Sai ta baya ne akwai ɗan abin da aka kitse.

"Taɓa," ta ce wa Auta. Auta ta ƙi. Ta kamo hannunta ta ɗora. "Kin ji? Babu ko rami. Yanzu taɓa naki. Kin ji ɗan kaushi-kaushi? Ƙofofin ne, naki a buɗe suke. Ni ina da shekara ashirin da shida nawa suka rufe. Mu ne 'yan koyo, a kanmu ake gwada mataji in an sauke daga risho, ni ma da na iya na ci gaba da yi wa kaina, don in fi kowa kyau a shagon. Ni ma sau ɗaya na ce. Ban samu wadda za ta cire mini ɗankwali ta nuna mini ba."

Ta mayar da ɗaurinta, ta ɗage labule, ta leƙa waje. "Ku dawo, masu kan kwando, kar iska ta kwashe mini jari." Matan suka shigo suna dariya, ba su san me aka yi ba. Ta ɗauki almakashi ta datse yankin nan da ya miƙe, ta ci gaba da naɗi kamar ba komai.

Auta ba ta sake tsaki a gaban fanka ba. A wata na bakwai, da safe, ta zo ta durƙusa gabana ta kama yatsana ta kai gefen goshinta. Wani abu ne laushi-laushi kamar gashin ɗan tsako. Na ce alhamdulillahi. Da Anti ta gani sai ta ce, "Kar ki cika taɓa shi, baƙo ne, kunya gare shi." Ɓangaren dama ya cike gaba ɗaya cikin shekara. Na hagu har yau bai kai ɗan'uwansa ba, amma sai wanda ya sani zai lura.

Yanzu shekara uku ke nan da ta rufe shagon. Gwiwoyinta sun daina ɗaukar tsayuwa, ɗanta ya zo ya tafi da ita da mijinta wajensa. Mai gyaran waya ya faɗaɗa nasa ya haɗe da wurin. Muna gaisawa a waya, kuma ba na sallar da ban sa ta a addu'a ba, ita da iyayenta.

Abu ɗaya ta taɓa roƙo na a duk zamanmu. Wata la'asar ce, kafin kowa ya san za ta tashi, Auta na gaban fanka da abin sauraro a kunne. Anti ta jawo kujera kusa da ni tana murza gwiwa, ta ɗora mini kwandon matsakaitan rola a cinya.

Na ce, "Me zan yi da su? Ni ko kitson kirki ban iya ba, yatsuna duk sun sandare."

"Za su saki. Yaya, ba zan dawwama a ƙarƙashin benen nan ba. Yarinyar nan kuwa, in ta yi wata biyu ba mai saka mata, za ta ga wata da gashi a miƙe, zuciyarta ta raya mata sau ɗaya kawai. Don Allah ki riƙa zuwa da wuri kina tsayawa a bayana, in koya miki. Ba sai ya yi kyau ba. Ki dai iya naɗawa ba tare da kin ja mata ba, sannan ki zauna tare da ita har ya bushe."