Ranar Da Na Fara Jin Muryata

Lokacin cirar albasa ne, shekara ta biyu bayan an cire Kebbi daga Sakkwato, Yaya Bello ya dawo daga kasuwar Jega da rikoda. Ya ɗora ta a kan turmi a tsakar gidanmu na Katanga, ya danna jan maɓalli, ya ce in rera waƙar da zan ja a walimar Islamiyyarmu. Na rera iya ƙarfina. Da ya mayar da kaset baya ya kunna, sai na ji wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Har waigawa na yi ina neman mai muryar. Ƙannena suka zube ƙasa don dariya. Ashe haka mutane ke jina!

Tun da damina nake koyo da kaset ɗin wata mawaƙiya mai siririyar murya, wanda nake saurara a gidan maƙwabta. Tawa kuwa kakkaura ce, har yara na kirana Ganga. A wurin daka, a hanyar rijiya, a gona ina yanke ganyen albasa, kullum cikin matse maƙogwaro nake don in kamo tata. Ranar nan sai na ƙara matsawa. Washegari na durƙusa zan gai da kakata Inna Kulu, na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na ɗauka na zama bebiya ke nan, ga walima ta matso.

Inna ta dafa mini citta da zuma, ta hana ni magana. "Wagga murya da kike bi ba taki ta ba, ɗiyata," in ji ta. "Inda kike magana, nan za ki yi waƙa." Da na warke, ta tura Yaya Bello Jega ya yi ta sauraron kaset-kaset har ya samo na mai murya kakkaura irin tawa. Ana kunnawa na ce ai wannan namiji ne. Ya miƙo mini kwalin, sai ga hoton mace da ɗankwalinta. Da wannan kaset na koya, kuma ranar walima na ga mata suna share hawaye da bakin mayafi.

Yanzu 'yata na da waƙoƙi birjik a waya, kowace murya ta ji sai ta bi. Nakan ce ta tsaya in ji tata, ta yi dariya ta mayar da abin sauraron waya kunnenta. Inna ce ta iya sa mutum ya tsaya.