Gishirin da Lawali Ya Bari

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Lawali. Ni magini ne, ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Shi ya yi karatu har ƙasar waje, yana aikin wata roba mai ƙananan ramuka kamar soso. Fatansu, shi da abokan aikinsa, a sa ta inda ƙashi ya lalace, ƙwayoyin jiki su shiga ramukan su yi gini, ita kuma ta narke.

Zuwansa Matameye na ƙarshe ya faɗo a shekarar da gero ya ƙi, soja kuma suka karɓi mulki. Ina kwance, na faɗo daga bene wurin cin rani a Kano, ƙashin cinyata ya ƙi haɗewa. Ya kawo mini wani farin abu kamar marfin kwalba, ya jero mini aikin daki-daki, don ya san halina. Na farko, a tankaɗe gishiri, ƙwayoyin su zama kai ɗaya. Na biyu, a gauraya da narkakkiyar roba, ta daskare. Na uku, a jiƙa ana sauya ruwa, har gishirin ya fice ya bar gurbinsa. Na ukun ya rage, a gabana yake so ya yi.

Na ce, "Zai ɗora ƙafata?"

Ya ce, "Ba yanzu ba, Yaya. Namu bai kai ga mutum ba tukuna."

Lokacin matata tun asuba take layin rijiya, ta dawo da tulu ɗaya. Lawali ya jiƙa abin. Da ya zo sauya ruwa karo na biyu, na ce, "Malam likita, ruwan yara ne. Je ka wanke wasanka inda ka fito."

Ya tsame abin, ya ajiye a taga. Ranar tafiyarsa na juya fuskata bango. Kafin damina ta zagayo, ciwo ya ɗauke shi a can. Magana zarar bunu ce. Tawa ta fita, ba ta komo ba.

Yau soja sun dawo kan mulki, ni ina ɗingishi, amma akwai famfo a ƙofar gidana. Da yana nan, na san ba zai tada tsohon zance ba. Zai dubi famfon ne ya ce, "Yaya, saura mataki ɗaya."

Ban san ko aikin nasu ya kai ga mutum ba. Farin abin dai yana cikin gwangwani a ɗakina. Ban taɓa barin gini a rabi ba, sai wannan. In na wanke shi, aikin Lawali ya cika, amma gishirin da ya tankaɗe da hannunsa ya tafi. Jiya na ɗora shi a harshe. Gishirin yana nan.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yafe wa yayansa.