Shekara Sha Tara a Kan Hawa Biyar

"Kin karɓi takardar da Dakta ya raba?"

"Ta tsohon nan mai neman abin da babu? Na yi dariya har cikina ya ƙulle."

"Wai mu zaƙulo kuskurensa, maki goma."

Auta, ɗalibar lissafi a jami'a, ta leƙa takardar a hannun 'yan ajinsu biyu da ke wannan hira. Rubutun babanta ne. Ko a mafarki ta san wannan lambar bakwai mai ɗamara.

Malam Alli ake ce masa, don farin da ba ya barin hannun rigarsa. Shekara talatin ya yi a sakandare yana koyar da fomular warware lissafi mai hawa biyu, wanda x ke ninka kansa. Ya san masu hawa uku da huɗu ma suna da tasu. Ta hawa biyar ce bai taɓa gani a littafi ba, sai ya ɗauka ba a samu mai haƙurin nemo ta ba ne. Ya duƙufa, shekara sha tara, a teburin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Duk littafin da ya cika, ya kai wa Dakta, malamin su Auta a jami'a, abokinsa tun suna benci ɗaya a firamare.

"Ci gaba, mutumina, ka kusa," in ji Dakta kullum.

Da Auta ta ajiye wa babanta takardar a gida, fuskarsa ta washe. "Dakta ya buga aikina?"

"Baba, karanta saman."

Ya gyara tabarau. *Gano inda marubucin ya ɓata.*

"Baba, a zangon nan aka koya mana. Kusan shekara ɗari biyu ke nan da aka tabbatar babu wannan fomular. Amsoshin suna nan, amma tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da cire tushe ba sa kai mutum gare su a kowane lissafi."

"Dakta ya sani?"

"Shi ke koyar da darasin. 'Yan bara ma da aikinka suka yi gwaji."

Ya ɗauki waya, ya kira Dakta.

"Haba mutumina," in ji Dakta, "na ga abin yana ɗebe maka kewa ne, ban so in kashe maka gwiwa. Kuma ai ban sa sunanka ba."

"Da ka sa ma, da na san ka ɗauke ni mutum."

Ya kashe wayar. Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ni dai na sha faɗa, abokin da bai taɓa yi maka gardama ba..."

"Bari, Maman Auta."

Sannan ya ture littafin da ke gabansa, ya jawo kujera kusa da tasa.

"Auta, zo ki zauna. Fara daga farko, ki nuna min dalilin da ya sa ba ta yiwuwa. In na yi kuskure, don Allah ki faɗa min a gaban idona."