Ƙwai a Faifan Turaren Hajja

Shekarun baya, wata Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, kazar mahaifiyata ta yi ƙwanta na farko. Na riƙe lokacin ne saboda ina zaune bakin taga ina karatun jarrabawa, agogo a gabana. Na ji kyarkyara, na yi murmushi. Ban gama murmushin ba na jiyo salatin Hajja daga ɗaya ɓangaren gidan.

Hajja ita ce mai gidan da muke haya a unguwar Maisandari, cikin Maiduguri. Muna da ɗaki biyu a gefe, tsakar gida kuwa ɗaya ce. Sana'arta turaren wuta da humra, har daga wasu garuruwa iyayen amare suke aiko mata. Tana da wani ɗan ɗaki mai duhu da sanyi, inda take baza turaren a faya-fayai idan ta sauke shi daga wuta, ta bar ƙofar a buɗe ya sha iska. A tsakiyar faifai ɗaya kazar ta tona gurbi, ta ajiye ƙwanta.

"Fero," in ji Hajja, haka take kirana, wato yarinya. "Zo ki ga aikin ƙanwarki. Duk faɗin gidan nan ba ta ga wurin haihuwa ba sai cikin kayan amarya?"

Na durƙusa na ba da haƙuri. Ta miƙo mini ƙwan, yana ƙamshi kamar wanda za a kai ɗakin miji. Ta ce wannan karon ta yafe, amma in yi musu wuri.

Kajin nan ba ni na saye su ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, Mama ta shiga takaba, ta kuma shiga wani shiru da ya fi takabar ba mu tsoro. Takan wuni a kan darduma, abinci sai an yi da gaske. Wata maƙwabciya ce ta kawo mata 'yan tsaki biyar a kwali, ta ce, "Ki riƙa ganin abin da yake motsi." Su ne suka fito da ita tsakar gida. Ita ke ba su tsaki, ita ke canza musu ruwa, har hira take yi da su. Dariyarta ta farko bayan rasuwar, ɗaya daga cikinsu ce ta jawo ta, ranar da ta faɗa cikin kwanon kunu. Da ta fita takaba sai ta tafi Biu yi wa danginta bangajiya, ta tarar da yayarta ba lafiya, ta tsaya jinya. Ranar tafiyar, a bakin ƙofa ta ce mini, "'Yan matana sun kusa fara ƙwai. Ki kula mini da su."

Ni mutum ce da idan abu ya dame ni, karatu nake nema, ba mutane ba. Tambaya tana yi mini nauyi a baki. Don haka na karance duk abin da na samu a kan kiwon kaji, ban lura cewa yawancinsa maganar kajin gidan gona ba ne. Na kai wa kafinta awo, ya haɗa mini akwatuna uku na katako, kowanne daidai jikin kaza. Na zuba dusar katako, na jera su ƙarƙashin rumfarmu, bakinsu yana kallon tagata don in riƙa gani ina karatu.

Yayana, wanda ke tuƙa keke napep, ya dawo ya tsaya yana kallo. "Farfesa, wannan ɗakin kwanan ɗalibai ne? Kin ba su takardar shiga?"

Kajin suka zo suka leƙa, suka hau saman akwatunan suka yi kashi, suka wuce. Wata ta yi ƙwai a bayan randa, wata a cikin tsohon takalmin Yaya, wata ƙarƙashin murhu. Kullum da safe in bi gida ina sunkuye kamar mai neman allura. Idanuna kuwa suna kan ƙofar ɗakin turare. Da na ga wata ta nufi can, sai in yar da littafi in fita da gudu, ba takalmi.

Rana ɗaya kaɗai na ga haske. Jar kazar, wadda Mama ta fi so, ta shiga akwatin tsakiya ta zauna. Na ajiye littafi na zuba mata ido ta taga. Tana fitowa na je na ɗauke ƙwan, na kwashe dusar da ta kwanta a kai, na goge katakon da tsumma, na zuba sabuwa. Na karanta cewa tsafta ita ce kan gaba, ni kuwa a tsafta ba a bar ni a baya ba. Da yamma na soya wa Yaya ƙwan don ya san karatu ba ƙarya ba ne. Ya cinye, ya ce, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Washegari jar kazar ta zo bakin akwatin, ta leƙa da ido ɗaya, ta juya ta leƙa da ɗayan, ta tafi. Ba ta sake shiga ba.

Mama takan kira ni a waya da yamma. Kafin ta tambayi jarrabawa sai ta ce, "Yaya 'yan matana?" In ce lafiya lau, sun fara ƙwai. Sai in ji muryarta ta buɗe. Sau da yawa tambayar tana zuwa har bakina, in haɗiye. Ina ganin mace tana jinyar yayarta, ba ta daɗe da binne mijinta ba, ni kuma in ce mata na kasa kula da kaji biyar?

Sai na karanta cewa a kulle su har zuwa hantsi, dole su yi a ciki. Na shigar da akwatunan cikin akurkin da suke kwana, na rufe, na tafi makaranta da niyyar dawowa kafin rana ta take. Watan Afrilu ne, wanda ya san Maiduguri ya san abin da nake nufi. Malami ya ja darasi, keke ya yi wuya a bakin titi. Ban iso ba sai bayan azahar. Rufin akurkin na kwano ne. Na tarar sun kife da ruwansu, huɗu suna haki baki buɗe, fukafukai a ƙasa. Jar tana kwance a kusurwa, ta riga ta sandare.

A gindin darbejiyar bayan gida na haƙa rami na binne ta. Da Mama ta kira, na ce lafiya lau.

Daga nan na koma ɗaure su da zare a ƙafa cikin inuwa. Sukan wuni suna fizga, su saki ƙwai a kan busasshiyar ƙasa ya fashe. Suka rame, ni ma na rame. In buɗe littafi in karanta shafi ɗaya sau uku, ban san me ya ce ba. Na kai inda ko tantabara ta yi kuka sai in zabura in leƙa tsakar gida.

Makon da Hajja take haɗa turaren wani babban biki, ɗaya ta tsinke zarenta ina banɗaki. Kafin in fito ta shiga. Wannan karon ƙwan fashewa ya yi, ta kuma tattake shi cikin turaren, ta bar kashi a faifai na biyu. Turare ne da aka jiƙa, aka dafa da sukari da turaruka masu tsada. Ba ya wankuwa.

Hajja ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta jira Yaya ya dawo, ta zaunar da mu. Ta fara da Kanuri, da ta ga kaina a ƙasa sai ta juya Hausa.

"Na san abin da kajin nan suke a wurin uwarku. Ina gidan nan lokacin. Amma ni ma ba ni da miji, da wannan turaren nake ci. Me zan ce wa uwar amarya? Fero, ki yi haƙuri. Ko kaji, ko ɗaki."

Yaya ne ya ba da haƙuri, ya ce kafin Juma'a za a fitar da su. Ya tambayi abokansa ko akwai mai riƙe mana, kowa gidan haya yake. Ranar Alhamis da safe ya ɗaure ƙafafunsu ya sa a bayan keke. Ya ga fuskata, ya so ya yi wasa. "Sabo da kaza ai ba ya hana..." Bai ƙarasa ba, ya tayar da keken ya nufi kasuwa.

Mama ta dawo bayan mako biyu. Ta sauko da jakarta da wani ƙullin leda, tsakin dawa ne ta sa aka ɓarza musu tun daga Biu. Ko hijabi ba ta cire ba ta tsaya tsakar gida ta yi irin kiran da take musu da baki. Ta sake yi. Sannan ta dube ni. A tsaye na faɗa mata komai, ina kallon yatsun ƙafata. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta shiga ɗaki da ledar a hannu. Kwanakin da suka biyo baya ta koma kan darduma.

Ta warware daga baya, sannu a hankali, ba ta kuma sake kiwo ba. Na ci jarrabawar da ƙyar. Har yau idan na shiga gidan biki aka turara wuta, mutane suna lumshe ido, ni kuwa kajin Mama nake tunawa. Abin da yake damuna ba wai ban sani ba ne, ai ba wanda aka haifa da sani. Wadda ta sani tana kirana kullum da yamma, ni kuma ina ce mata lafiya lau don kada in ɗora mata nauyi.

Sai da aka yi ruwan farko na iya tambayarta. Na same ta tana juya ɗaya daga cikin akwatunan, za ta mai da shi mazubin gawayi. Na ce, "Mama, me na yi ba daidai ba? Awon daidai yake. Har sau ɗaya jar ta shiga ta yi."

"Ta yi a ciki? Ina kika kai ƙwan?"

"Na ɗauke. Na share wurin, na zuba sabuwar dusa."

"Da ɗuminsa?"

Na gyaɗa kai. Ta ajiye akwatin.

"Ai ba a kwashewa duka," ta ce. "Na farkon sai ki shafa masa gawayi don ki gane shi, ki bar mata. Gobe za ta dawo, sauran ma su bi ta. Kaza ba ta komawa inda ta bar abinta ta dawo ta tarar an share."