Baƙuwar Inna

Maigidana yakan dawo daga bida, wato ci-rani, a Abijan gab da damina, da atamfa da sabulu da tari. A waccan shekarar ya sauko daga motar garinmu Buza da yarinya 'yar kimanin shekara bakwai, tana riƙe da leda a hagu. Hannunta na dama siriri ne, a lanƙwashe bisa ƙirji, yatsun a dunƙule. Haka aka haife ta.

Na san da zuwanta, mun yi maganar a waya. Ubanta mutumin can ne, maƙwabcin rumfar maigida a kasuwa. Ya rasu, uwar kuma ta riga shi. Danginta suka ce ba su da hali, aka je gaban alƙali aka ba maigida riƙonta, tana nan da sunan ubanta yadda addini ya ce. Ni kuwa aurena ya daɗe, Allah bai ba ni haihuwa ba. Na ce a kawo ta.

Ba ta jin Hausa ko kaɗan. Julanci take yi, yaren can, da Faransancin titi mai gudu. Nawa Faransancin na kolej ne, ya daɗe a jere ba a taɓa shi ba, kamar kwanukan aure. Na tambaye ta ko ta sha hanya, cikin jimlar da malaminmu zai yaba. Ta dube ni, ta dubi akuya. Da akuyar ta fara sabawa.

A gidanmu mata da 'yan mata kwano guda muke ci: uwar mijina da muke kira Inna, da ni, da matar ƙanen maigida da ɗiyanta biyu. Ran tuwon farko yarinyar ta wanke hannu tas, ta sa hagu cikin miyar kuka. Kowa ya tsaya da lomarsa. Inna ta tashi ta ɗauko kwano mai furanni da murfi, wanda ake fitarwa in an yi baƙi, ta zuba mata daban.

"Sannu, baƙuwa. Ci abinki."

Ba mugunta ba ce. In an yanka kaza, cinyar can take zuwa. Kowace safiya Inna takan gaishe ta tun daga kwana har gajiya, cikin murya mai laushi. Sauran jikokin kuwa ba ta taɓa gaishe su ba. Babbar ita ce mai kan tulu, ƙaramar mai ƙafar zabo, su kuma su rama da tsohuwa mai cinye musu gero. A wurinmu haka kaka da jika suke. Wanda tsohuwa ta yi wa ladabi, tafiyarsa take jira.

Na sa maigida ya tambayi liman. Kafin shayi ya huce an ba shi amsa: wanda Allah bai ba dama ba ya ci da hagu, babu laifi. Aka kawo wa Inna.

"Liman ya yi gaskiya," in ji ta. "Liman kuma ba da mu yake ci ba."

Sai ta juya ga ɗanta. "In ka tashi komawa, ka maida musu ɗiyassu. Ba baki, ba hannu, ƙasar duwatsu. Mi za ta yi nan? Alhakinta nike tsoro."

Ya ce to. Ban taɓa jin ya ce wa Inna wani abu ban da to ba. Bayan girbi yake komawa, don haka damina guda ce gare ni.

Na fara koya wa yarinyar Hausa da gaisuwa, tun da ita ce ƙofar komai. Ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Takan maimaita tana kallon bakina. Muna tsinkar zogale ina faɗa mata sunayen abubuwa, ita ma tana faɗa mini da Julanci, tana dariyar yadda nake kama su. Ta iya ɗaura zane da hannu guda da haƙori. Wajen alwala ni nake wanke mata hannun hagu, don babu mai wanke shi. In za ta yi kabbara sai ta tallafo na daman da na hagu ta ɗaga su tare. Ban koya mata wannan ba. Ranar da na fara gani sai da na sake niyya.

Da na ga cin kaɗaici yana rage mata ci, na bar kwanon gida na koma nata. Inna ta duba ta ce, "Baƙi sun zama biyu." Daga ranar ni ma aka fara tambayata gajiya.

Zuwa lokacin da gero ya fitar da kai, bakinta ya buɗe. Hausar tana zuwa da ɗingishi, amma tana isowa. Sai na lura duk lokacin da Inna ta taso jikokinta da tsiya, yarinyar takan bar abin da take yi ta matso gindin turmi, ta zauna tana saurare. Wata rana ta tambaye ni, rabi da Hausa rabi da Faransanci, me ya sa Kaka ba ta zaginta. Na nemi bayanin a Faransancina na rasa. Na ce, "Girmama ki take yi."

"Ba ni so," ta ce.

Aka yi girbi, aka sa damma a rumbu. Maigida ya fara zancen mota. Na wanke mata tufafi ban ce mata don me ba, na yi ta addu'a.

Wata hantsi muna ɓarar wake a tsakar gida. Yarinyar takan danne kwanson da yatsan ƙafa ta tsage da hagu, ta fi ɗiyan gidan sauri. Inna ta fito ta zauna bisa tabarma, ta ɗauko magogi tana goga goro, don haƙoranta sun ƙare tun kafin a kawo ni gidan.

"Baƙuwa, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, tsohuwa," in ji yarinyar, kalma bayan kalma. "Haƙoranki hwa, sun tahi bida?"

Magogi ya tsaya. Matar ƙanen maigida ta sunkuyar da kai cikin wake, kafaɗunta na rawa. Inna ta dube ni.

"Gaisuwa kaɗai na koya mata, Inna."

Ta mai da ido kan yarinyar, ta auna ta sama da ƙasa.

"Ke, mai hannu guda awa moɗa. Ni za ki ci wa mutunci cikin gidana?"

Tun zuwanta babu wanda ya ambaci hannun a gabanta. Yarinyar ta juyo ta tambaye ni mene ne moɗa. Na nuna mata ita bisa randa, da mariƙinta guda. Ta daɗe tana kallo. Sai ta fashe da dariya, har waken cinyarta ya zube.

"Dubi, ga ɓarna kuma," in ji Inna. Ta ƙwala wa ɗanta kira, ya shigo daga zaure da hula a hannu. "Wagga ba ta da kunya. In ka maida ta haka, su ce gidanmu ta koyo. Bar ta nan in gyara ta."

Ya ce to.

Na tashi na shiga ɗaki, na shimfiɗa darduma na yi raka'a biyu. Ina jin su daga tsakar gida. Inna ta gama da hannu, ta koma kan kunnuwa.