Yadda Na Rushe Matatsar Man Yaya Zuwaira

A watan nan shekara tara ke cika da muka kai yayata Zuwaira makwancinta a Magarya. Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina son yin rubutu a kanta, kunya ce ke riƙe mini hannu.

Man gujiya, wato gyaɗa, take tatsa, ita da mata goma sha biyu, a bayan gidanmu. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ta san tiya nawa aka soya da kwalba nawa ya kamata a samu. Kowace Alhamis bayan la'asar takan tara matan, kowa ta faɗi abin da ta ɗauka za ta yi a makon, da abin da ta yi, da abin da ya hana ta. In mai ya yi ƙaranci ba ta faɗa, sai ta bi sawu: suya ce ta ƙone, ko gujiyar garin Kwaya ce ta zo da danshi? In mai saye ya yi kasuwa biyu bai leƙo ba, ta hau kabu-kabu har Dungas ta ji dalili.

Ni kuwa ma'aikacin buro ne, wato ofis, ina ganin duk wannan ƙauyanci. Wata rana na kawo mata tsarin shekara biyar a rubuce: inji, shago a Dungas, wani a Guci. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Sani, ya yi daɗin ji. To gobe da safe wa zai yi me?" Na yi dariya kawai.

Da ta rasu, matatsar ta dawo hannuna. Na sayo injin, na buɗe shagunan, na soke zaman Alhamis don ina ganin ɓata lokaci ne. Abu ɗaya nake dubawa: jarka nawa aka cika. Na matsa wa matan su ƙara, suka riƙa rage suya, man ya soma wari tun bai yi nisa ba. Babu wadda ta gaya mini, don na rufe wurin da ake faɗa. Inna Habsu, babbarsu, ta taɓa tare ni a zaure ta ce, "Malam Sani, masu ƙosai fa sun daina aikowa." Na ce wasu za su zo. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Cikin shekara uku ciniki ya mutu, na sallami matan da suka ci abinci a gidan nan tun ina saurayi.

Yau matasa na zuwa horon sana'a, suna dawowa da tsare-tsare cikin waya. Da Yaya na nan, na tabbata za ta so wayar, ko don ta huta da hanyar Dungas. Tsare-tsaren kuwa, sai ta ga wanda ya tashi ya aikata kafin ta yaba.

Injin na nan yana tsatsa. Da na sani ƙeya ce. Amma watan jiya a kasuwar Guci na sayi mai wurin wata mata da ban sani ba. Tana miƙo mini kwalbar ta ce, "Baba, in ya canza ƙamshi ka dawo ka gaya mini, kada ka yi shiru. Uwata haka ta koya a gidan wata Zuwaira a Magarya."

Na karɓa da hannu biyu. Ban iya gaya mata ko ni wane ne ba.